Ranar da Costel Ya Yi Kuka

A gidan marayun da ke bayan tashar jirgin Iași
gadaje arba'in ne a jere, farin fenti yana ɓarewa.
Abin da ya fara dukan kunnena shiru ne.
Jarirai arba'in, ko tari babu.
Na ce wa mai tsaronsu, barci suke?
Ta ce, a'a, sun daina ne.
Wanda ya kira, ya kira, ba a amsa ba,
wata rana sai ya naɗe muryarsa ya ajiye.

Wata goma sha ɗaya gare shi da na ɗauko shi.
Shekara ashirin da shida na yi ina tuƙa taragon lantarki,
na san birki, na san ƙararrawa,
amma ban taɓa ganin yaron da tsagar rufi
ta fi masa fuskar mutum ba.

Tuwon masara da cuku, yana ci.
Duk wanda ya miƙo hannu, ya tafi:
mai kawo wasiƙa, tsoho Anghel na hawa na biyu,
har matar da ta zo duba mitar gas.
Maƙwabta suka ce, kai, yaro mai son jama'a!
Dakta Ruxandra ta girgiza kai.
Ta ce, wanda yake na kowa
bai sami kowa ba tukuna.

Ta zauna a kicin ɗina, shayinta yana hucewa.
Ta ce, da can masana sun ɗauka nono ne igiyar,
ciki ya cika, zuciya ta bi.
Sai aka ga ɗan biri ya sha a jikin uwar waya,
ya ruga ya ƙanƙame uwar tsumma.
Ta ce, kowane jariri tambaya ɗaya yake rubutawa a ƙirji:
in na kira, akwai mai zuwa?
Na ce, Dakta, karatun nan ya fi ƙarfina,
gaya mini abin yi.
Ta ce, Smaranda, ki zo.
Ko numfashi ya sauya, ki zo.

A jami'a akwai ɗaki mai madubin da ke gani ta baya.
Kayan wasa a ƙasa, baƙuwa a kujera.
Aka ce in fita minti uku.
Na fita. Na dawo.
Bai ɗaga kai daga jan ƙwallonsa ba.
Ta rubuta wani abu a takarda,
ni kuwa na je banɗaki na buɗe famfo
don kada a ji ni.

Ƙanƙara ta rufe gari, na zo.
Ƙarfe biyun dare yana jijjiga kansa da kansa, na zo.
Ya juya wa bango fuska, na zauna a bayansa
ina ƙirga masa tashoshin layi na uku
tun daga farko har ƙarshe, da dawowa.
Wani daren na gaji, na ce ba zan iya ba.
Na faɗa, kuma na zo.

Wata Talata, bishiyoyin titinmu sun fara toho,
na sauka zubar da shara.
Ina kan matakala ta tara, bokiti a hannu,
sai na ji wata murya mai tsatsa,
kamar ƙofar da ta shekara a rufe.
Kuka. Kuka mai fushi, mai neman haƙƙi.
Ashe gaskiya ne, sabo ake yi wa kuka.

Allah Ya yafe mini, na tsaya numfashi biyu
ina saurare.
Sannan na saki bokitin,
ɓawon dankali ya bi matakala,
Anghel ya leƙo yana tambayar wa ya mutu.
Na ce, matsa, kirana ake.